Muryar Ba'ana a Kulle

Duk wanda ya taɓa sayen kaset a unguwar Dala ta Maiduguri ya san Madu Mai Kaset. Har yau da wannan sunan ake kiransa, ko da yake kaset ɗin ya daɗe da mutuwa ya bar masa sunan gado. Dogo ne siriri, hula zanna a karkace, ga kunne irin wanda ke hana mai shi sakat. In kana yi masa magana rediyon maƙwabci na yi, to ka daina wahalar da bakinka, ba kai yake ji ba. Yana can yana jin haushin batirin rediyon da ya yi sanyi. Shagonsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, bango ɗaya ya raba shi da na Nicodemus mai gyaran waya. Abin da yake yi yanzu shi ne turi: ka kawo memori ko wayarka, ya zuba maka waƙa ko karatu ko wa'azi, ka kama gabanka.

Sana'ar ta sauya kama sau biyu a hannunsa. Ya fara da rikoda mai baki biyu, tsohon kaset na juyawa nan, sabo na ɗauka can. Aka koma faifai, ya koma. Aka koma memori, ya sayi tsohuwar kwamfuta ya koyi danne-danne da furfurarsa. Abu ɗaya ne bai taɓa sauyawa ba, wato alfaharinsa da tsabtar kwafi. A zamanin kaset akwai ragwayen da kan kunna waƙa a wannan rediyo su kara wancan a bakin lasifika ya ɗauka, da kukan akuya da tarin mai shago duk a ciki. Masu sana'ar na ce wa wannan ɗaukar iska. Madu ƙazanta yake ce masa. Ya taɓa mayar wa wani dillali kwali guda na kaset saboda ya jiyo carar zakara a bayan waƙa ta uku, carar da ba wanda ya ji sai shi. Mutane suka yi ta dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce kebul ake jonawa daga inji zuwa inji, sauti ya bi ta ciki bai taɓa iska ba, kuma duk abin da ba haka aka yi shi ba, ba daga shagonsa ya fito ba.

Yayansa Ba'ana mawaƙin biki ne, mai ganga. Ba shahararre ba ne irin wanda ake nunawa a talabijin, amma daga Umarari zuwa Wulari zuwa ƙauyukan kan hanyar Dambuwa, in aka ce biki ya yi armashi, to Ba'ana ne ya buɗe baki a wurin. Muryarsa na da wani ɗan kaushi a ƙasa, wanda in ya ja baiti sai ka ga tsofaffin mata sun bar hira. Madu ne ke ɗaukar masa waƙoƙi, shi ke ajiye uwar kaset, shi ke bugawa ya sayar. A ciki akwai guda da Ba'ana ya yi wa mahaifiyarsu, Ya Aisa, da Kanuri, yana kiran sunanta, yana faɗin yadda ta yi ta daka da surfe a gidajen mutane har ta rene su su huɗu bayan rasuwar ubansu. Ya Aisa kan ce ba ta son waƙar, wai tonon asiri ce. Amma in aka kunna, ba ta taɓa cewa a kashe ba.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Wata safiya Madu ya buɗe shago ya tarar da takarda an zuro ta ƙarƙashin ƙofa, layi uku kacal, ba sa hannu. A satin aka kashe wani mai sayar da faifai a wata unguwa, don haka bai nemi mai yi masa fashin baƙi ba. Ya ari baro, ya kwashe duk abin da ke shagon, ya zube a fili da rana tsaka don kowa ya gani ya kai labari, ya watsa kananzir ya ƙyasta ashana. Uwayen kaset ɗin Ba'ana na ciki, guda goma sha ɗaya. Ya riƙe su a hannu na ɗan lokaci kafin ya jefa. Ya ce a ransa ai mai muryar na nan da ransa, in ƙura ta lafa sa sake ɗauka, har ma ya fi wannan kyau.

Wata bakwai bayan haka Ba'ana ya shiga mota zai je wani ƙauye gaisuwar mutuwa, ko ganga bai ɗauka ba. An ga motar a gefen hanya, ƙofofi a buɗe. Mutanen cikinta kuwa har yau ba a gan su ba.

Ba gawa, ba kabari, ba wanda zai ce ga inda ya faɗi. Ya Aisa ta shekara biyu tana hana a yi masa sadaka, tana cewa ba a yi wa mai rai. Da gari ya fara lafawa Madu ya shiga neman kaset gida-gida, duk inda ya san ya taɓa sayarwa. Sai ya tarar ba shi kaɗai ne ya ji tsoro ba. Wasu sun ƙone, wasu sun jefa a masai, wasu sun gudu sun bar gidan da abin da ke ciki. Wani direba ya tono masa guda ɗaya daga ƙarƙashin kujerar mota, zafin Maiduguri na shekara da shekaru ya narkar da zaren ya manne wuri ɗaya. Madu ya wuni da biro a hannu yana lallaɓa shi, zaren na tsinkewa. Ranar ne Nicodemus ya fara ganin hawayensa, ya yi kamar bai gani ba.

Idon Ya Aisa ya tafi a hankali har ya ƙare. Tana zaune a Umarari da autarta Mu'mina, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Madu ya sayo wa tsohuwar wani ɗan rediyo mai cin memori, ya cika mata da karatun Alƙur'ani, ya manna ƙwayar dutsen ado da gam a kan maɓallin kunnawa don yatsanta ya riƙa gane shi. Rediyon nan ya zama abokin zamanta. Ita ke kunnawa, ita ke kashewa, ba ta roƙon kowa, kuma ga mutumin da komai sai an yi masa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shekara goma sha ɗaya da ɓatan Ba'ana, wata Talata da hantsi, Madu na tura wa wani mai shayi wa'azi, sai ya jiyo ganga ta cikin bango. Bugu uku kawai aka yi aka katse. Ya miƙe tsaye har kujera ta kife. Ya shiga shagon Nicodemus ba sallama.

"Niko, me ka kunna yanzu?"

"Lasifikar wayar wani malamin makaranta nake gwadawa, Ba Madu. Lafiya?" Haka Nicodemus ke kiransa, girmamawa irin ta Kanuri.

"Maimaita."

Wata manhaja ce a wayar malamin, ta wani kamfani mai sayar da waƙoƙin gargajiya, tana ba da ɗanɗano kaɗan kyauta, sauran sai ka biya. Nicodemus ya sake dannawa. Ganga ta buga, sannan muryar nan mai kaushi ta tashi, tas kamar mutumin na tsaye a bakin ƙofa. Madu ya dafa teburi. Sai a lokacin ya tuna da wasu baƙi da suka zo shekara guda kafin rikici, da wata makirfo mai gashi kamar kyanwa, suka kwana biyu suna ɗaukar Ba'ana a wani gida a Wulari. Sun sa ya dangwala yatsa a takarda, suka ba shi sabuwar babbar riga, suka tafi. Ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu. Ashe muryar na can a ajiye duk shekarun nan da yake tonon ƙarƙashin kujerun mota.

Waƙoƙi tara ne. Ta bakwai ita ce ta Ya Aisa. Nicodemus ya saka masa manhajar a wayarsa, ya taimaka masa ya biya da kati. Madu, wanda ko tumatir ba ya saye sai ya yi ciniki har mai kaya ya gaji, ranar bai ce uffan ba. Waƙoƙin na gama sauka ya rufe shago, ya tari Keke Napep sai Umarari.

Ya tarar da ita a tabarma a gindin dogon yaro, Mu'mina na tsince shinkafa a gefe. Ya durƙusa ya gaishe ta da Kanuri.

"Wushe, Ya. Na zo miki da baƙo."

"Wane baƙo da tsakar rana, ko sallamarsa ban ji ba?"

Sai ya danna ta bakwai. Da gangar ta fara, hannun tsohuwar ya tsaya cak a kan carbi. Mu'mina ta ajiye faranti, ta lalubo tata wayar, ta fara ɗaukar saƙon murya don ta aika wa yayarta Turai da ke aure a Gaidam. Ta matso da wayar kusa da tasa. Madu ya waiga ya ga abin da take yi, ransa ya ɓaci.

"Ke Mu'mina, kashe wannan ƙazantar! Gobe zan kawo mai tsabta."

Ta ɗauke yatsa, ta ja da baya. Waƙar ta ci gaba har ƙarshe. Ya Aisa ba ta yi kuka da murya ba, hawaye kawai ke bin kuncinta suna ɗiga a kan zani. Sau huɗu ta sa aka maimaita. Da zai tafi ta laluba ta ɗauko rediyonta ta miƙa masa.

"Sa mini shi a nan. In riƙa kiransa da kaina."

"Gobe, Ya. Aikin minti biyu ne."

Har ga Allah haka ya zata. Mutumin da ya shekara talatin yana kwafi, me zai gagare shi? Washegari ya jona wayar da kwamfuta, ya tono inda waƙoƙin suke kwance, ga su nan tara reras. Ya kwafe su a memori, ya zura a rediyo, ya danna. Shiru. Ya gwada a kwamfuta, ta ce ba ta san wannan abu ba. Ya ɗauko kebul irin na da, zai bi da sautin daga inji zuwa inji, amma da zarar manhajar ta ji an jona mata wani abu sai ta tsaya ta fito da jan rubutu. Ya gwada wannan dabara, ya gwada waccan, har la'asar, ko abinci bai nema ba.

Nicodemus ya karɓi wayar ya karanta dogon Turancin da suka danna wa amincewa jiya ba su duba ba. Ya daɗe yana karantawa yana girgiza kai.

"Ba Madu, ka ga abin da suka ce. Ba waƙar ka saya ba. Izinin ji ka saya, a waya ɗaya tak. Sun sa mata kwaɗo, mabuɗin na hannunsu. Duk kwana talatin sai wayar ta leƙa wurinsu sun sabunta shi."

"Izinin ji? Muryar yayana? Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Haka suka rubuta."

"Wa ya ba su? Riga ɗaya suka ba shi, Niko. Riga ɗaya! Ni na wanke masa ita."

Nicodemus mutum ne mai faɗin gaskiya ko ba a tambaye shi ba. Ya ce, "To ai kai ma, Ba Madu, shekara nawa kana tura waƙar mutane ba ka nemi izinin kowa ba? Irinku suke gudu."

Madu ya dube shi ido ja. "Na ji. Amma ka taɓa jin na hana uwar wani jin ɗanta?"

Sai Nicodemus ya kawo shawara. Ya ce a rufe shagunan biyu, a kashe janareto, a lulluɓa bargo, a ajiye wata wayar kusa da wannan ta ɗauka. Kafin a kira magariba an gama duka tara. Ba zai fita kamar na asali ba, amma tsohuwa za ta samu abin dannawa.

A nan ne halin Madu ya ci shi. Ya ce ɗaukar iska? Shi? Allah ya dawo masa da Ba'ana tas, har numfashinsa ana ji tsakanin baiti da baiti, sannan ya mayar da shi kamar mai magana daga cikin gwangwani ya kai wa uwarsa? Nicodemus ya ce a yi ko don ajiya, in na gaskiyar ya samu a goge. Madu ya ce ya san kansa, in ya yi wannan zai saki jiki ya bar neman na gaskiyar. Kwaɗon da mutum ya ƙera, mutum zai buɗe shi. Ba taurin kai kaɗai ba ne, a yi masa adalci. Ya ƙone yayansa sau ɗaya, yana so ya mayar wa uwarsa shi ba tabo ko ɗaya, ko ya samu ya yafe wa kansa. Amma taurin kan ma na nan, kuma shi ya fi yawa.

Ya gwada bar mata wayar na sati guda. Kwana biyu ta sa Mu'mina ta mayar masa. Ta ce abin ba shi da maɓalli, sulɓi ne kamar bayan tarwaɗa, in ta taɓa nan sai wata mata ta fara Turanci, kuma Mu'mina na fita tallar turaren wuta tun safe. Sai aka koma ranar Juma'a. Yana sakkowa daga masallaci ya wuce Umarari, ya zauna a gefen tabarma ya kunna mata tara ɗin, ta bakwai sau uku. Sauran kwana shida tana zaune da rediyonta a cinya tana jira.

"Madu," ta ce masa wata rana, "ɗana kullum sai dai ya zo mini a aljihun wani ya koma? Ina gobenka?"

"Ana kan aiki, Ya. Saura kaɗan."

Wata biyar ana wannan saura kaɗan. Ya sauke manhajoji iri-iri masu alkawarin fasa kwaɗo, babu wadda ta yi komai sai cika masa waya da talla. Ya kwafe waƙoƙin a memori uku, ya ɓoye ɗaya a shago, ɗaya a gida, ɗaya a aljihun rigarsa na ciki, yana jin kamar ya yi wani tanadi. Da damina ta sauka, zazzaɓi ya kama Ya Aisa, ƙafafunta suka kumbura, ta bar fitowa gindin bishiya. Mu'mina ta tare shi a zaure ta ce, "Yaya Madu, in da abin da za ka yi, ka yi shi yanzu."

Maimakon ya lulluɓa bargo, sai ya tafi wurin Nuraddeen. Wani mai gyaran waya ne a cikin kasuwa da ake yi wa kirari ba wayar da ta taɓa gagararsa. Ya ce zai buɗe cikin wayar har gindinta ya zaro mabuɗin, waƙoƙin su fito sak yadda suke. Nicodemus ya ce kada a taɓa, waɗannan manhajojin suna gane in an yi musu kutse. Ya ce aƙalla a yi ɗaukar iskar kafin a kai. Madu ya ce in Allah ya yarda yau da yamma ba a bukatar ta.

Ya tsaya a kan Nuraddeen awa uku. Wayar ta mutu ta tashi, ta mutu ta tashi. Da aka buɗe manhajar, sunayen waƙoƙin na nan amma sun yi fari fat, in ka danna ba sa motsi. Jan rubutu ya ce an taɓa wannan waya, an janye mabuɗi. Nuraddeen ya ce ba komai, a goge a sake saukewa. Aka goge, aka sake saukewa, aka rubuta sunan Ba'ana a wurin nema. Babu. Aka rubuta shi ta kowace fuska. Babu. Nuraddeen ya fara kame-kame yana cewa bai taɓa ganin irin wannan ba, Madu kuwa bai tsaya jin ƙarshen maganar ba.

Nicodemus ya rubuta wa kamfanin. Amsa ta farko ta zo kafin ya ajiye wayar, inji ne ke godiya. Ta biyu ma haka. Ta uku, bayan kwana tara, mutum ne ya rubuto. Ya ce yarjejeniyarsu da masu waƙoƙin ta ƙare wata biyu da suka wuce, an sauke su daga kasuwa. Waɗanda suka riga suka saya an bar musu su ci gaba da ji muddin ba su taɓa wayar ba. Tunda an taɓa, ba su da ikon ba da sabon mabuɗi. Su wane ne masu waƙoƙin? Ba za su iya faɗa ba. Suna ba da haƙuri. Malamin makarantar nan ma aka nemo shi, ya ce shi bai taɓa saye ba, ɗanɗanon kawai yake ji.

Madu ya fito da memorin aljihunsa ya ɗora a tafin hannu. Bai kai farcen babban yatsa ba. Ba'ana na ciki, waƙa tara cif, ba abin da ya ɓata, kuma ba mai sake jinsa. Wancan karon an tsorata shi ne ya ƙyasta ashana. Wannan karon ba wanda ya zuro masa takarda, da ƙafarsa ya je.

Juma'a biyu ya yi wa uwarsa ƙarya, ya ce wayar na wurin gyara. Ta ukun ya tarar da ita a ɗaki, an jingina ta da matashi, ta rame har zoben azurfarta na yawo a yatsa. Ta ji shigowarsa tun kafin ya yi sallama.

"Ina yayanka?"

Ya durƙusa. Ya buɗe baki zai ce gyara, ya fasa. Sai ya faɗa mata duka, da shawarar Nicodemus, da bargon da ya ƙi lulluɓawa, da Nuraddeen. Ba lallai ta gane zancen kwaɗo da mabuɗi ba, amma ta gane abin da ya kamata ta gane. Ba ta zage shi ba. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Mu'mina ce ta yi magana daga bakin ƙofa, a hankali, kamar mai tsoron a sake yi mata tsawa.

"Yaya Madu, wancan ɗin yana nan fa. Wanda ka ce in kashe. Na aika wa Yaya Turai a haka, ban goge ba."

Daƙiƙa arba'in da ɗaya ne. Ta kunna. Ga kukan akuyar maƙwabta, ga ƙarar injin markaɗe daga can nesa, ga shinkafa na zubewa daga faranti. A bayan duk wannan ganga na bugawa siririya, sannan Ba'ana ya shigo, muryar kamar daga cikin gwangwani, daidai yadda Madu ya ce za ta yi. Ya ja baitin farko. Ya ja numfashi zai kira sunan uwarsa. Sai wata murya ta faɗo a kai, kusa, da ƙarfi, ta fi komai fita tas: "Ke Mu'mina, kashe wannan ƙazantar! Gobe zan kawo mai tsabta." Ƙit, ya yanke.

Madu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce zai kai shago ya datse wutsiyar, ya cire maganarsa, ya bar mata waƙar kawai.

"Kada ka yanke komai," in ji Ya Aisa. "Taɓawar da ka yi ta isa. Sake kunna masa, Mu'mina. Kai mai kunne, saurara da kyau."

Aka sake. Wannan karon ya ji. A ƙarƙashin tsawarsa, can ƙasa, daidai kan kalmar ƙazanta, Ba'ana na cewa Aisa. In aka datse ɗaya an datse ɗayan.

"Sunana na nan a ƙarƙashin faɗanka," ta ce. "Maza biyu na haifa, ga ku nan ku biyun. Sa mini a rediyona yadda yake."

Ya karɓi wayar Mu'mina, ya zura memori, ya tura. Kafin ya ƙifta ido ya shiga. Ba kwaɗo, ba mabuɗi, ba jan rubutu. Ya saka a rediyon ya ɗora mata a cinya. Yatsanta ya laluba ya sami dutsen adon ya danna da kanta.

Kwana goma sha shida ta yi bayan haka. Mu'mina ta ce tun daga hantsi har batir ya yi sanyi ba abin da ake ji a ɗakin sai akuya, da ganga, da baiti ɗaya, da tsawar Madu. Ta rasu ranar Lahadi bayan azahar, rediyon na gefen matashinta. Da aka zo raba 'yan kayanta ba wanda ya yi gardama, aka miƙa wa Madu rediyon.

Madu na nan a Dala yana turi. Hular na nan a karkace, sai dai ya daina yi wa mutane faɗa kan batir. Memori ukun suna cikin wani gwangwanin madara a kan kanta, ya kasa zubarwa, lokaci-lokaci yakan tambayi Nicodemus ko an samu wata sabuwar dabara, Nicodemus ya ce tukuna. Rediyon na kusa da gwangwanin. Duk Juma'a in ya sakko daga masallaci, lokacin da a da yake tarar Keke zuwa Umarari, sai ya ja ƙofar shago ya danna dutsen adon. Ya san daidai inda muryarsa za ta shigo, yatsansa na kan maɓalli, zai iya tsayarwa kafin nan. Ba ya tsayarwa, don a nan ne kaɗai yayansa ke kiran uwarsu. Sai ya zauna ya saurara har ƙarshe, har ya ji kansa yana cewa gobe.